Darasi: Shigar da makiyaya cikin tsara aikin lafiyar bisashe da horon mataimaka

Darasinmu na wannan fitowa ya tsaya kan tambaya guda: wa ke da ta cewa lokacin da ake tsara aikin lafiyar bisashe a karkara? Wa ke sa ranar lamba, wa ke zaɓen wurin da za a tara shanu, wa ke faɗin abin da za a koya wa mataimakin likitan dabbobi na gari? A wurare da yawa, duk wannan a biro ake yanke shi, makiyayi sai dai ya ji sanarwa. To, za mu duba dalilin da ya sa wannan hanya ke jawo asara, da yadda za a gyara ta. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran, a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

1. Me ake nufi da shigar da makiyaya?

Bisa ba ta magana. Idan saniya ta kamu da ciwo, mai ita ne bakinta. Shi ya ga ranar da ta daina tuƙa, shi ya san rijiyar da ta sha, shi ya san garken da ta cuɗanya da shi a kasuwa. Saboda haka a aikinmu makiyayi yana matsayin mai jinya, kuma shi ke biyan kuɗi, shi ke ɗaukar asara.

Shigar da shi cikin aiki mataki uku ne. Na farko, a sanar da shi abin da aka shirya. Na biyu, a tambaye shi ra'ayinsa kafin a shirya. Na uku, a zauna da shi a yanke shawara tare, kuma bayan aiki a dawo a duba tare ko an yi abin da aka ce. Matakin farko kowa na yin sa. Na biyu ana yi jefi-jefi. Na uku shi ne wanda ke canza abubuwa, kuma shi darasin nan ke nema.

2. Abin da yaƙi da bushiya ya nuna

Tsofaffi ba su manta da bushiya ba, cutar da ke share garke cikin ƴan kwanaki. A shekarar 1962 aka fara babban yaƙin lamba na haɗin gwiwa mai suna JP15 a yankin tabkin Cadi, wato Nijar, Najeriya, Kamaru da Cadi, daga baya ya bazu zuwa wasu ƙasashe har ya ƙare a 1976. An yi wa miliyoyin shanu lamba, cutar ta lafa, aka ɗauka an gama. Amma ta ɓuya cikin garkunan da ke nesa, inda motocin ma'aikata ba su kai ba. A farkon shekarun 1980 ta sake tashi, ta yi ɓarna mai yawa a Afirka ta Yamma. Wannan ya sa aka buɗe sabon yaƙi mai suna PARC a 1986.

Abu biyu suka taimaka wajen cin nasara a wuraren da suka gagara. Na ɗaya, an samo maganin lamba mai jure zafi, wanda zai iya yin kwana 30 ba tare da firigo ba. An gwada shi cikin shanu a nan Nijar, aka buga sakamakon a 1990. Na biyu, an miƙa wannan magani hannun makiyayan da jama'arsu suka zaɓa, aka horar da su. A kudancin Sudan, inda ake yaƙi, an fara haka a 1993, yawan shanun da ake yi wa lamba ya ninka har ya wuce miliyan ɗaya a shekara. A ƙasar Afar ta Habasha ma haka aka yi. Waɗannan mataimaka da ƙafa suke bin garke, sun san inda shanu ke kwana, kuma masu shanu sun yarda da su.

Har wajen neman inda cutar ta ɓuya, da makiyaya aka yi. Likitoci na zama da dattawa, su tambaye su sunan cutar da harshensu, shekarar da ta zo, da hanyar da ta biyo. Bayanin dattawa ke nuna inda za a je a ɗebi jini a auna. An ga bushiya karo na ƙarshe a 2001 cikin ɓaunaye a ƙasar Kenya, kuma a 2011 aka shelanta cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Maganin lamba ya daɗe da samuwa tun kafin nan. Abin da ya rage shi ne kai shi ga kowane garke, kuma makiyaya ne suka nuna hanya.

3. A fannin lafiyar mutane ma haka ne

A taron Alma-Ata na 1978, ƙasashen duniya sun amince cewa jama'a na da haƙƙi, kuma nauyi ne a kansu, su shiga cikin tsara aikin lafiyarsu. A 1987, ministocin lafiya na Afirka da suka haɗu a Bamako sun amince da tsarin da jama'ar gari ke sa hannu cikin tafiyar da gidan likita da kuɗin magani. Daga nan aka samu kwamitocin da kuka sani a gidajen likita na karkara.

Ga misali daga maƙwabtanmu. A Cadi, bincike ya nuna cewa shanun makiyaya na samun lamba, amma yaransu ba su samu ba, don gidan likita na nesa kuma iyalin na kan tafiya. Da aka zauna da makiyayan, aka tsara fita guda: likitan dabbobi da malamin asibiti cikin mota ɗaya, ana yi wa shanu lamba, ana yi wa yara da mata tasu. An fara wannan a shekarar 2000. Kuɗin mai da na firigo ya ragu tunda an raba, kuma iyaye mata sun fito.

Kada mu manta da zazzaɓin Rift da ya ɓulla a 2016 a Cintabaradan da Tasara cikin jahar Tawa, wanda ya kashe mutane fiye da 30, akasarinsu masu kiwo. Alamar wannan cuta ta farko tana fitowa cikin garke: ɓari mai yawa lokaci guda, da mutuwar ƴan raguna da ƴan awaki. Wanda ke fara ganin wannan makiyayi ne. Idan akwai hanyar da maganarsa ke isa ga ma'aikata da sauri, kuma aka ɗauke ta da gaske, ran mutane ake ceta.

4. Wurare huɗu da ya kamata makiyaya su sa baki

*a) Wace cuta ta fi damun ku?*

Akwai cututtukan da gwamnati ke yaƙi da su a ƙasa baki ɗaya, kamar ciwon huhu na shanu, da annobar tumaki da awaki da ake kira PPR, mai zuwa da majina, ƙurajen baki da zawo. A taron Abijan na 2015 an sa burin kawar da PPR daga duniya kafin ƙarshen 2030. Amma ban da waɗannan, kowane yanki da nasa ciwon kai. Masu kiwo kusa da fadama da tabki na fama da ciwon hanta. Wasu wurare saifa da harbin daji ke dawo musu duk damina. Waɗanda ke gangarawa kudu da rani na dawowa da sammore, kaska da kirci. Idan shagon magani da mataimaki ba su san wannan ba, za su ajiye maganin da ba a nema, wanda ake nema kuma babu. Daga nan sai mutum ya koma ga mai tallar magani a kasuwa.

*b) Yaushe, kuma a ina za a yi lamba?*

Ranar lamba da ta faɗo bayan garke ya tashi, ranar banza ce. Haka wadda ta yi daidai da kasuwar gari, ko da aikin girbi. Wurin da babu ruwa kusa, ba wanda zai tsayar da shanu wuni guda a can. Akwai kuma wani dalili da ya kamata ku sani: kwalbar maganin lamba na PPR ko na ciwon huhu ta bisashe da yawa ce, sau da yawa 50 ko 100, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta, cikin kamar awa 2 ya kamata a gama da ita. Idan awaki suna zuwa biyar-biyar, ko dai a zubar da magani, ko a yi da wanda ya mutu. Don haka tara bisashe wuri guda a sa'a guda shi ne rabin aikin, kuma ardo, garso da maigari sun fi ma'aikaci iya wannan.

*c) Wa zai zama mataimaki?*

Tun 2003 aka fara a yankin Dakwaro, tare da ƙungiyar likitocin dabbobi VSF ta Beljiyam da ƙungiyar Karkara, tsarin da ake kira SVPP: likitan dabbobi mai zaman kansa yana da gidan magani a babban gari, ƙarƙashinsa akwai mataimaka a ƙauyuka da rugage, ma'aikatar kiwo kuma tana sa ido. Tsarin ya bazu zuwa sassa da dama na ƙasa. Ƙarfinsa duka yana kan mataimaki, shi ya sa zaɓensa ba abin wasa ba ne. A yi zaɓen a bainar jama'a, bayan an yarda da sharuɗɗa. Ga waɗanda muke ba da shawara a duba:

- ya kasance yana da bisashe nasa, yana kiwo da hannunsa;
- mazaunin wurin ne, ko mai tafiya tare da garke, ba wanda ke tafiya bida duk rani ba;
- an san shi da riƙon amana kan kuɗi;
- yana jin harshen mutanen da zai yi wa aiki;
- in ya iya karatu da rubutu, ko boko ko ajami, ya fi, amma kada rashin wannan ya hana a ɗauki mutumin kirki.

Kada a ce tilas sai ɗan maigari. In ya cika sharuɗɗa, madalla. In bai cika ba, a faɗa cikin ladabi tun da wuri, don kayan aiki da aka ba wanda bai dace ba, cikin ɗaki suke ruɓewa.

A zaɓi mata su ma. Awaki, tumakin turke da kaji, akasari a hannun mata suke. Jar akuya ta Maraɗi ita ce asusun mace a gidaje da yawa. Mace mataimakiya tana shiga gidajen da namiji ba zai shiga ba, kuma ita za ta tuna wa kowa a yi wa kaji lamba kafin hunturu, lokacin da ciwon kaji ke share akurki.

*d) Me za a koya, kuma wa zai koyar?*

Horon da aka tsara a biro yakan fara da sunayen cututtuka na Faransanci. Makiyayi kuwa ba zai zo ya faɗi wannan suna ba, zai ce saniyarsa na tari tana miƙe wuya, ko ya kira cutar da Hausa, Fillanci ko Tamashek. Suna guda a wani gari na iya rufe cututtuka biyu, ko cuta guda ta samu suna uku. Saboda haka ranar farko ta horo, a gayyaci dattawan makiyaya biyu ko uku, da mace mai kiwo, su bayyana kowace cuta yadda suka san ta: alamunta, lokacinta, abin da ake gani cikin nama in an yanka. Mai horarwa ya daidaita wannan da abin da ke littafi. A wannan rana dattijon malami ne, a ba shi kujera da kuɗin ƙafa kamar kowane malami.

A yi horon a bakin rijiya da cikin garke, da bisashe na gaske. Makiyaya su faɗi inda suke ganin mataimaka na kuskure. Sau da yawa ƙorafin kan awon magani ne. Misali, allurar oksitetirasikilin mai dogon aiki, mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, ana ba da mililita 1 ga kowane kilo 10 na nauyin bisa. Saniya mai kilo 250 tana buƙatar mililita 25, a raba wuri biyu ko uku. Wanda ya yi mata mililita 5 don kuɗi su yi sauƙi, bai warkar da ita ba, ya koya wa cutar jure magani. Don haka ƙiyasin nauyi, tsabtar sirinji, da yawan kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a ci nama bayan magani, dole su shiga horo, kuma a bayyana su ga masu bisashe su ma.

Wannan shawara ta shafi har makarantun da ke horar da ma'aikata, kamar IPDR ta Kollo. Ɗalibin da ya kwana a ruga lokacin koyon aiki, ya ga yadda ake tatsa da shayarwa, ya saurari ardo, zai fito ya fi sanin yadda ake magana da mutane. Kuma ya dace a tambayi waɗanda suka sauke shi yadda suka ga halinsa.

5. Yadda ake gudanar da zaman shawara

Ba a buƙatar allo ko takarda mai yawa. Ga hanyoyi uku da aka gwada a ƙasashe da dama:

*Rabon tsakuwa.* A lissafa cututtuka biyar ko shida da mutane suka ambata. A sa wa kowace alama a ƙasa: ƙashi, ganye, kara, da sauransu. A kawo tsakuwa 100, a ce mutane su raba su gwargwadon asarar da kowace cuta ta jawo bara. Idan, a misali, ciwon hanta ya samu 40, PPR 25, tsutsar ciki 20, saura 15, an ga inda ciwon yake. Daga nan a tambaya: don me wannan ta fi? Amsar ta fi lissafin amfani.

*Kalandar shekara.* A ja layi huɗu: damina, kaka, hunturu, bazara. A sa tsakuwa don nuna lokacin da kowace cuta ke tashi, lokacin da garke ke gida, da lokacin da mutane ke da kuɗi a hannu. Ranar lamba daga nan take fitowa.

*Taswira a ƙasa.* A zana rijiyoyi, tabkuna, burtali, kasuwanni da wuraren da bisashe suka mutu. A nan ake gane wurin da ya dace a kafa shingen lamba, da makiyayar da saifa ke ɓoye cikin ƙasarta.

A yi zaman mata dabam da na maza, sa'annan a haɗa sakamako, don a gaban manya ba kowa ke buɗe baki ba. A nemi yaran da ke bin garke, su suka fi kowa ganin bisashe. A gayyaci baƙin makiyaya masu wucewa, ko da ba a ƙidaya su cikin gari ba, tunda cuta ba ta tambayar takardar haraji. Inda akwai reshen ƙungiyar makiyaya, kamar AREN da aka kafa a 1990, a sa wakilinta ciki. A ƙarshe a rubuta abu uku kawai: me aka yanke, wa zai yi, yaushe. Takarda guda ta zauna wurin maigari ko ardo, guda wurin ma'aikaci.

6. Abin da shawara ba ta canzawa

Don kada a yi ruɗani, akwai abubuwan da ba a yin ciniki a kansu. Yawan magani da hanyar ba da shi, ilimi ne ya tsayar da su. Maganin lamba mai buƙatar sanyi dole ya zauna cikin akwatin ƙanƙara. Lambar ciwon huhu ba ta daɗewa a jiki, dole a maimaita duk shekara, ko da bara an yi. Yanke kunne bayan lambar PPR yana nuna wadda aka yi wa, don kada a ɓata magani. Mushen da ake zaton saifa ce ta kashe, ba a feɗe shi, ba a cin sa, a binne shi da zurfi ko a ƙone. Mataimaki kuma yana aiki ne ƙarƙashin likita, ba ya yin abin da ba a koya masa ba.

Amma ko a nan kuna da haƙƙin a yi muku bayani. Misali, lambar ciwon huhu takan sa kumburi a wasu shanu. Haƙƙinku ne a gaya muku tun kafin a yi, a faɗa muku wanda za ku kira in kumburin ya yi girma, kuma a zo a duba da wuri. Kumburi guda da aka yi watsi da shi na iya hana gari guda fitowa baɗi.

7. Tarnaƙin da za a yi hattara da su

Na farko, taron da aka riga aka yanke komai, ana neman tafi kawai. Maganinsa: a tambayi ma'aikaci tun farko, me za mu iya canzawa a nan, me ba za mu iya ba? Na biyu, mutum ɗaya mai garke babba ya riƙe magana. Na uku, a ɗauki bayani a tafi, ba a dawo da amsa ba. In an ɗebi jini an kai LABOCEL a Yamai, masu bisashe na da haƙƙin jin sakamako. Na huɗu kuma daga ɓangarenku yake: ɓoye rabin garke don tsoron ƙidaya, ɓoye ciwo don kada a rufe kasuwa, da cin bashin mataimaki ba a biya. Mataimakin da aka cinye wa jari ba zai iya sayo sabon magani ba, kuma garin ne ke komawa hannun masu jabu.

Sau biyu a shekara, bayan lamba da kuma kafin damina, a zauna da likita da mataimaki a duba: bisashe nawa aka yi wa lamba, nawa suka rage, wane magani ya yanke, farashi nawa ne, wa ke da ƙorafi. A manna farashin magani inda kowa zai gani.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne cututtuka uku suka fi jawo muku asara bara? Maza da mata sun ba da amsa guda?
2. Ranar lambar da ta wuce ta same ku a gida? In ba ta same ku ba, wane wata ya fi dacewa?
3. Wa ya zaɓi mataimakin garinku, kuma ta wace hanya?
4. Wane abu kuke so a ƙara cikin horonsa?
5. In kuka ga ɓari mai yawa cikin garke, wa za ku sanar, kuma cikin kwana nawa labarin zai isa?

Ku kai amsoshinku ga ma'aikacin kiwo na ƙaramar hukumarku, ku nemi a sa ranar zama kafin a fitar da jadawalin lamba mai zuwa. Mu kwana lafiya, mu da bisashenmu.